Gashin Tantabarar Harami

Abin da zan gaya muku ɗin nan wallahi ba a majalisa na tsinto shi ba, ba kuma mafarki na yi ba, idona biyu ya faru, da rana, a shekarun da nake tuƙi a gidan wani dattijo a unguwar Tandabawi a Makka, tun kafin rusau ya cinye gefen da muke zaune. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba kuwa ba zan ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya zo mini da wannan zance sai in ce ya je ya nemi magani. Rabin abin shaidata mutum ɗaya ce tak a duniya, shi kuma yau yana ƙarƙashin ƙasa, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ni Basarke ne daga wajen Yawuri. A cikin jirgin ruwa na yi wayo, ubana masunci, kakana masunci, tun ban iya wanke fuskata ba na iya ɗinkin koma da ɗaura ƙugiyoyin mamari. Sai ga shi neman abinci ya ɗauko ni ya dire a garin da babu ko rafin da akuya za ta jiƙa ƙafa, dutse gabas dutse yamma. Na ce to shi ke nan, ni da kifi sai a faranti. Ashe Allah ya ajiye mini maigidan da ya fi ni haukan kifi.

Ammi Usman muke ce masa, wato baffa Usman. Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Cadi da Sudan, yana noma yana ƙodago a hanya shekara da shekaru kafin ya ga Ka'aba. Hausar Ammi irin ta tsofaffi ce, rabi Larabci, in ya ji haushi kuwa Hausar guduwa take yi gaba ɗaya. Yana saurayi an tura shi koyon gyaran injin jirgin sama a wata ƙasar sanyi, can ya kwaso wata irin fatsa da ban taɓa jin labarinta ba. Ba tana, ba gaya, ba dalma. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a jikin 'yar ƙugiya da zaren siliki har ta zama kamar ƙwaro, shi yana ce mata dubbana, wato ƙuda, sai a riƙa kaɗa doguwar igiya a sama, gaba da baya, gaba da baya, a sauke ƙwaron nan a kan ruwa a hankali, kifi ya ɗauka na gaske ne ya faɗo ya taso ya cafke. Kifin ma ba kowane ba, wani ne mai ɗigo-ɗigon ja da baƙi, ba ya zama sai a ruwan sanyi mai gudu a cikin duwatsu. Duk lokacin zafi Ammi sai ya tafi duwatsun arewacin Turkiyya saboda shi.

Sauran watannin kuwa a saman bene yake yin fatsarsa. Wallahi da gaske nake. Bayan la'asar sai ya sa in hau in ajiye masa farantin shinkafa a can ƙarshen rufin, ya tsaya da sandarsa yana kaɗa igiya tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, yana sauke dubbana a tsakiyar faranti. Maƙwabta sun daɗe da gama shawara a kansa, har in na fita sayen burodi sai a tambaye ni ko Ammi ya yi kamu jiya. Shi ko a jikinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranar da ya gaya mini in ya kama kifin sakinsa yake yi. Na ce Ammi, ka biya jirgi, ka shiga ruwan sanyi, ka kama, sannan ka sake? A garinmu wanda ya yi haka ruƙiyya ake yi masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce ni cikina ne kawai ya san kifi.

Da shekaru suka tura sai hannunsa ya fara rawa, ya kasa ɗaura gashin da kansa, to nan fa aka tuna akwai Basarke a gida. Ya zaunar da ni ya koya mini. Na farkon da na ɗaura ya juya shi ya juya ya ce wannan ƙudan mota ce ta taka shi, amma a hankali hannuna ya faɗa, har ya zamana ni ke cika masa akwatin dubbanarsa. Daga nan ne ya daina kirana sawwag, wato direba, ya koma ya waladi, wato ɗana, ni ma na daina ganinsa a matsayin kafili, ubangidan da ya ɗauke ni aiki. Ubana ya rasu ina nan ban ga gawarsa ba, ina jin shi ya sa na maƙale wa tsohon nan.

A shekarar da nake ba ku labari zuciyarsa ta buga masa sau ɗaya, aka kwantar da shi, da ya fito likita ya ce ba tafiya, ba hawan dutse, ba ruwan sanyi. Ammi ya saurara da kyau, ya yi godiya, muna shiga mota ya ce in biya da shi wajen masu tikitin jirgi. 'Ya'yansa maza suka yi magiya suka gaji. Ya kafe kan cewa sai ya tsaya a cikin kogin nan na Turkiyya sau ɗaya kafin ya mutu, kuma ni zan raka shi. Abin da ya ƙara tayar da hankalin gidan shi ne wasiyyar da ya daɗe yana nanatawa, cewa duk inda ya faɗi nan za a binne shi, bai yafe ba in aka sa shi a akwati aka loda shi cikin kayan jirgi. Ku kuwa kun san abin da mutuwa a Makka take nufi ga mutanen nan. Tun daga kakan nasu babu wanda aka sallata a wani wuri ba a Harami ba, abin alfaharinsu ke nan, ba su da wani gadon da ya fi shi.

Babbar 'yarsa Asiya, malamar makaranta ce, ita ce mai iya tsayawa gabansa, ita ma ta sha kaye. Ana saura kwanaki mu tashi ta same ni ina wanke mota, ta tsaya daga bakin ƙofa, Hausarta tana harɗewa.

"Isma' ya ahuya, ji nan ɗan'uwana, abuya, babana, amana ne a hannunka. Jaddi, kakanmu, ya zo da ƙafa don ya kwanta a nan. Allah yihallik, don Allah, kada ka bar abuya ya mutu a ƙasar wasu."

Na ce in sha Allahu, amma ni ba ni na riƙe ran mutum ba. Tun daga ranar maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

To ga inda ƙaddara ta shigo. Ana jibi tafiya na buɗe jakar gashin da ake aiko masa daga waje don in ƙarasa cika akwatin dubbanar, sai na tarar asu ya shiga ya yi biki. Na ruwan tokan nan da ya fi so, wanda ake yi wa ƙwaron fukafukai da shi, ko ɗaya bai tsira ba. Na ce kai, a garin da tantabara ta fi mutane yawa zan rasa gashi ruwan toka? Bayan la'asar na gangara Misfala, filin nan da tantabarun Harami suke sauka, inda matanmu suke zama da ƙullin alkama suna sayar wa alhazai su watsa musu. Gashi ga shi nan a ƙasa birjik, iska na wasa da shi. Na duƙa ina zaɓen masu kyau ina zubawa a aljihu.

Wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da alkamar, mun saba gaisawa, ta bi ni da ido ta ce, ɗan nan, bokanci ka fara? Na yi dariya na gaya mata abin da zan yi da shi da inda za a kai shi. Sai ta daina dariya. Ta ce ita dai tun zuwanta ta ji ana cewa ko tsakuwar Harami ba a ƙetare iyaka da ita, balle gashin tsuntsun da Allah ya hana a firgita. Na ce Inna, ai ba fizga na yi ba, zubowa ya yi da kansa, masu shara ma yanzu za su kwashe. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to, ita ba malama ba ce, amma abin gidan nan ya san gidansu. Na sayi ƙullin alkama ɗaya na watsa don in wanke kaina a wajenta, na kama hanya. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, har ga Allah, kuma ban ga abin gaya wa Ammi ba. Na ɗaura guda biyu uku da gashin, suka yi kyau sai ka ce za su tashi, na jera su cikin 'yan'uwansu.

Jama'a, ƙasar nan da muka je, in ba ka gani ba ba za ka gane ba. Ni da na tashi a bakin ruwa na ɗauka na gama ganin ruwa, ashe ban fara ba. Namu kogin faɗi gare shi, ja, mai nauyi, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Wannan kuwa ɗan siriri ne yana gangarowa daga kan duwatsun da ƙanƙara ke kwance a kansu tsakiyar bazara, garai-garai, kana ƙirga tsakuwar ƙasansa, yana dukan duwatsu yana kumfa yana ƙara ba dare ba rana. Itatuwa kore shar tun daga bakin ruwa har inda wuyanka zai iya ɗagawa, gajimare kuma ba a sama yake ba, yana sauka ya ratsa ta tsakaninku ya jiƙa muku riga. Ranar farko tsayawa na yi ina ta subhanallahi, har Ammi ya ce in rufe baki kada dubbana ta gaske ta shiga. Mun sauka a wani ɗan gidan katako, muna salla a barandarsa, alƙibla kuwa saitin inda ruwan yake fitowa take, wato in ka fuskanci sama da kogin ka fuskanci Makka.

Tsohon nan da nake riƙe wa hannu ya hau matakalar gida, da ya sa wandon robarsa har ƙirji ya shiga ruwa sai ya zama wani mutum. Rawar hannun ma raguwa take. Ni ina bayansa rungume da 'yar koma, ido ɗaya a kan igiya ido ɗaya a kan numfashinsa, kwalbar maganinsa a aljihuna. Ya kama kifayen nan masu ɗigo, kyawawa kamar an zana su da alƙalami, ya jiƙa hannu ya zare ƙugiya ya sake su, ni kuma raina yana bin kowane ɗaya da yaji da manja. Kullum Asiya sai ta kira ta tambaye ni yaushe za mu dawo, kullum in na taɓa masa zancen sai ya ce sai ƙarshen wata, in na matsa ya ce in tafi ni kaɗai, ya san hanya. Ga shi ina ganin leɓɓansa suna canja launi in ya daɗe a ruwa, yana ɓoye mini yana danna ƙirji. Barci dai ban yi na kirki ba a ƙasar nan.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, muka je wani gurbi a ƙarƙashin wani ƙaton dutse inda ruwan yake taruwa ya yi zurfi kafin ya zube. Ya jefa wannan, ya jefa wancan, kifi ya yi kememe. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi mai ruwan toka. Na buɗe akwati na ɗauko ɗaya daga cikin na Misfala, wallahi ban ma tuna ba a lokacin, na ɗaura masa a bakin zare. Ya kaɗa igiya sau biyu uku, ya sauke ta a tsakiyar gurbin, ta zauna a kan ruwa a hankali.

Abin da na fara lura da shi ba da ido ba ne, da kunne ne. Ƙarar kogin nan da ta hana mu jin maganar juna tun da muka zo, sai ta ɗauke ɗif. Ruwa na gudu, ina ganin kumfa tana dukan dutse, amma shiru tsit, har ina jin numfashin Ammi da bugun zuciyata. Na sa yatsa a kunne na girgiza, na ɗauka ni ne na kurumce. Sai na ga Ammi ya juyo ya dube ni, na gane shi ma ya ji abin da na ji.

Sannan dubbanar. Kowa ya san abin da ka jefa a ruwa mai gudu ƙasa yake bi, wannan ko yaron goye ya sani. Ita kuwa ta tsaya cak a inda ta sauka, ganye na wucewa ta gefenta, kumfa na wucewa, ita ko gezau. Can sai ta fara tafiya. Sama take yi, tana hawan ruwa, a hankali, ba fizga ba, ba kuma iska, don ko ganyen bishiya ba ya motsi. Na ce ko kifi ne ya riƙe ta ta ƙasa, na leƙa, ruwan garai yake, babu komai a jikinta, ƙugiyar ga ta nan tana ƙyalli.

Daga nan kifayen suka fito. Gurbin da muka yi tsammanin babu kowa, sai ga su daga ƙarƙashin dutse, daga cikin saiwoyi, daga ƙasa da mu suna wucewa ta tsakanin ƙafafuwanmu ba tsoro, manya da ƙanana, har da waɗansu irin girman da Ammi ya ce bai taɓa gani a kogin ba. Babu wanda ya kai mata baki. Suka kewaye ta, suka shiga zagaya ta, duk hannu ɗaya, suna barinta a hagunsu, a natse, ba mai ture wani, ita tana gaba suna tafiya da ita. Ni dai ba zan kira abin da sunan da ya zo mini a zuciya ba, Allah ya tsare bakina, amma duk wanda ya taɓa hawa benen Harami ya leƙo ƙasa ya san abin da na gani. Ga wata iska mai ɗumi da ta bugo mana fuska a cikin sanyin nan, busasshiya, irin wadda take dukanka in ka fito daga mota a Makka.

Ku sani mu Sarkawa ba baƙin abin ruwa ba ne. Na tashi ina jin labarin masu ruwa, na ga inda ubana yake yin shiru in mun zo wucewa, na san irin tsoron nan mai sa ƙafa ta yi sanyi ka nemi gudu. Wannan ba shi ba ne. Ban ji ina son gudu ba ko kaɗan, ji na yi na ƙanƙance, kamar an shigo da ni gaban wani babba ban shirya ba, hawaye kawai na ji suna zuba ban san dalili ba. Bakina yana ta la'ilaha illallahu ba da shawarata ba.

Igiya ta miƙe, abin naɗinta ya fara juyawa yana saki, sai na ga Ammi ya ɗaga ƙafa ya bi. Taku ɗaya, biyu, ruwa ya kai masa ƙirji, gabansa kuwa zurfi ne. Nan hankalina ya dawo, maganar Asiya ta faɗo mini, na yar da komar na rungumo shi ta baya na ce Ammi, ina za ka? Bai yi gardama ba. Ya tsaya yana kallo har igiyar ta ƙare, siririn zaren bakin ya tsinke da kansa ba tare da wani ja ba, dubbanar ta ci gaba da hawa da jama'arta har suka sha kwanar dutsen. Suna ɓacewa ƙarar kogin ta dawo gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofa, har na razana.

Na jawo shi bakin ruwa na zaunar da shi a kan dutse, na sa masa maganin a ƙarƙashin harshe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ya waladi, gashin me ka ɗaura mini?"

Na gaya masa komai, asu da Misfala da maganar tsohuwa. Na jira faɗa, don Ammi bai iya ɓoye fushi ba. Sai na ga yana murmushi, gemunsa na ɗigar ruwa, yana kallon inda suka bi.

"Gida yake nema," ya ce. "Gashi ma ya san hanya, ni ina nan ina wasa da ruwa. Halas. Yalla, tattara kaya."

Mutumin da 'ya'yansa da likita suka kasa tanƙwarawa, shi ne yake tsaye a kaina ina naɗe kaya yana cewa in yi sauri. Sandar da ya fi shekara talatin yana lallaɓawa ya miƙa wa mai masaukin kyauta. Lokacin cunkoso ne, jirage cike da masu hutu, da ƙyar muka sami kujeru, sai da muka sauka wani gari muka canja. A hanya na ga yana narkewa a gabana. A jirgi na biyu ya kasa cin komai, gumi na keto masa, hannunsa sanyi ƙalau a cikin nawa, ma'aikaciyar jirgin ta zo tana tambaya ko a nemo likita cikin fasinjoji, ya buɗe ido ya ce gajiya ce kawai. Ni kuwa ina ta roƙon Allah a zuci kada ya karɓe shi a sama, don ban san ma a ƙasar wa za a ce ya mutu ba.

Muka sauka Jidda da hantsi, aka turo shi a keken marasa lafiya. Asiya ce ta zo da motar gida, wani maƙwabci ya tuƙo ta ya wuce harkarsa. Tana ganin fuskar uban ta saki jakarta. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyarta, na karɓi tuƙi. Muna fita ta ce mustashfa, asibiti, yanzu-yanzu, akwai babba nan kusa. Ammi ya ce Makka. Ta ce abuya, minti kaɗan ne, su duba ka sannan mu wuce. Ya ce in aka shigar da shi asibitin Jidda ba zai fito ba, ya sani, ita ma ta sani.

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. Ga mararraba tana matsowa, dama asibiti, miƙe Makka, tafiyar kusan awa guda. In na miƙe ya mutu a hanya, na hana shi likita kuma ban kai shi gida ba, na yi biyu babu. Matar da ta ba ni amanar kada ya mutu a waje, ita ce yanzu take kuka tana cewa in juya, kuma wallahi ban ga laifinta ba, uba ne. Na rage gudu na dube ta ta madubi. Ammi ya lalubo hannunta ya ce mata wata magana da Larabci ƙasa-ƙasa, ban ji ba, ban kuma taɓa tambayarta ba. Ta rufe fuska da mayafi, sannan ta ce:

"Imshi, ya ahuya. Kai shi gida."

Na taka mota. Allah ya yafe mini gudun da na yi ranar. Hanya ta buɗe mini kamar an share, ni dai ina jin numfashinsa a bayana, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya, duk tsayawa sai in ji kamar nawa ne ya tsaya. Asiya na karanta masa Yasin. Idonsa a rufe yake tun daga Jidda, fuskarsa tana kallon rufin mota, ko da ya buɗe ba abin da zai gani sai shi. Muka iso shingen Shumaisi, askari ya leƙo ya ga halin da ake ciki ya ɗaga mana hannu. Daga nan numfashin ya yi tsayawar da ta fi kowacce tsawo, har Asiya ta kira shi, abuya, abuya, bai amsa ba. Na ce shi ke nan, mun rasa, ga alamun iyakar Harami can ina hango su a gefen titi, ba mu kai ba. Ban ɗaga ƙafa ba dai, ina kuka ina tuƙi.

Wallahi tallahi, daidai lokacin da hancin motar ya gifta alamun nan, ban ce komai ba, Asiya ba ta ɗago kai ba balle ta gani, sai muka ji muryarsa garau, irin ta lokacin da yake da lafiya:

"Alhamdu lillahi. Mun shigo."

Ya yi kalmar shahada sau ɗaya, a natse, bai ƙara ja ba. Na gangara gefen titi na kashe mota, muka zauna mu biyu muna kuka, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Washegari aka sallace shi a Harami bayan azahar, sahu har inda ido ya ƙare, alhazan da ba su san sunansa ba suna ta rububin ɗaukar makararsa.

Na tambayi malamai biyu uku a kan abin da na gani a kogin. Wani ya ce in yi shiru da bakina, wani ya ce Allah ne mafi sani, kada in gina komai a kai, kuma ban gina ba. Ban san abin da ya ja ƙugiyar nan ba, ban san wa ya gaya wa mutumin da idonsa ke rufe cewa ya ƙetare iyaka ba. Abin da na sani, har yau ina bin hanyar Jidda da fasinja, wani lokaci sau biyu a rana, kuma ban taɓa gifta alamun nan ba tare da tsigar jikina ta tashi ba, sai in ji kamar za a yi magana daga kujerar baya.

Shawarata gare ku, 'yan'uwa, in Allah ya kawo ku garin nan ku ɗebi zamzam da dabino iya ƙarfinku, amma abin da kuka gani a ƙasa ku bar shi inda yake, kome ƙanƙantarsa. In kuma tsohonku ya dube ku wata rana ya ce ku kai shi gida, kada ku tsaya yi masa lissafi, ku ɗauko mukulli kawai. Wataƙila shi an riga an gaya masa abin da ku ba ku ji ba.